Dawakin Barde Maiwada

Ranar Litinin da asuba, aka wayi gari babu doki ko ɗaya a bargar Garun Bauje.

Turaku goma sha huɗu suna nan a kafe, kowanne da dabaibayinsa a gindi, kwance su aka yi, ba yankewa ba. Ƙaramar ƙofar da ake fitar da dawaki shan ruwa a rafi tana buɗe. Mudi mai kula da barga yana durƙushe a tsakiya, ya ɗora hannu biyu a ka, duk wanda ya tambaye shi amsa ɗaya yake bayarwa: barci ne ya sace shi.

A ranar ce kuwa dakarun garin za su fita su faɗa wa Gidan Mati.

Garun Bauje ribaɗi ne kudu da Gozaki, an gina shi don tare maharan Maraɗi, kuma shekara goma sha ɗaya Barde Maiwada ke riƙe da dakarunsa. Gidan Mati kuwa ƙauyen Maguzawa ne, tafiyar rabin yini. Suna biyan jizya, suna kawo harawa, akwai amana tsakaninsu da garin, Barde ne ma ya ɗaura ta da bakinsa. Sai ga jakada, Malam Abdussamad, ya sauka daga birnin Katsina da saƙon uban ƙasa: wai Maguzawan sun ciyar da mahara, amana ta warware, a kamo su duka. Babu wanda ya ga lokacin da suka ciyar da kowa. Mutanen gari dai sun san uban ƙasa bayi yake nema, sun kuma san ba a faɗin haka da ƙarfi.

Kafin hantsi gari ya cika ƙofar barga. Wasu na cewa 'yan Maraɗi ne, wasu na cewa Maguzawa ne suka yi tsafi, wasu kuma sun yi shiru suna kallon Gwadabe, mataimakin Barde, wanda kowa ya san ya daɗe yana hangen rawanin.

Jakada ya sa aka kira Labo. Labo mai bin sawu ne, tsohon maharbi, gajere, mai kallon ƙasa ko da yana gaisawa da mutum. Ƙanwarsa Hansai ce matar Mudi.

Jakada ya ce, “An ce maka ƙasa ba ta ɓoye komai. To, daga yau zuwa sallar Juma'a ina son dawaki, ina son sunan ɓarawo. In babu, wannan mai barcin da arnen da ya kawo harawa za su ɗauki laifin. A kasuwa za a yanke musu hukunci.”

Arnen da yake nufi Ɗanjuma ne, mutumin Gidan Mati, wanda ya shigo gari da damin harawa a ka da safen nan, aka damƙe shi a ƙofa. Aka sa su biyun a mari, a filin kasuwa inda babu inuwa. Jakada ya ce a ba su ruwa sau ɗaya a yini.

Barde Maiwada yana tsaye a gefe, dogo, gemunsa ya fara furfura. Da Labo ya zo wucewa sai ya ce masa, “Ka yi aikinka, Labo.”

*

Sawun bai yi wuyar gani ba, ƙarshen damina ne, ƙasa da laima. Dawakin sun fita a jere, ɗaya bayan ɗaya, da tafiya ba gudu ba. Mutum ɗaya ne ya ja su, kuma ya bi ta kan ciyawa don kada ƙafarsa ta fito. Daga ƙofa suka gangara rafi, suka shiga ruwa, sawu ya ƙare.

A tsallake Labo ya samu sawun takalmin fata mai faɗi ya nufi hanyar Gidan Mati. Ya auna shi da kara, ya dawo kasuwa, ya ɗora karan a tafin Ɗanjuma. Ya yi daidai.

Ya ce, “Naka ne.”

Ɗanjuma ya ce, “Nawa ne mana. Jiya da la'asar na koma gida ta nan, yau na dawo. Ko ta sama kake so in bi?”

“Ka san za a faɗa muku yau?”

“Gari duka ya sani. Mata ma a bakin rijiya zancen suke.”

“Ka sani, amma ka dawo da harawa a ka?”

Ɗanjuma ya lashi leɓensa da ya fara bushewa. “Ranar harawa ce. Mu ba mu saɓa ba.”

Labo ya koma rafi ya duba da kyau. Ƙwari sun yi ta ratsa cikin sawun, raɓar dare ta rusa gefensa. Na jiya da rana ne, tun kafin a taɓa dawaki. Ɗanjuma bai yi ƙarya ba, amma Labo ya tabbata akwai abin da bai faɗa ba.

*

Washegari ya je wurin Gwadabe. Ya same shi a zaure yana gyaran tsarkiyar baka. Wata mata ta gaya wa Labo cewa ta ga Gwadabe da asubar Litinin, wandonsa a jiƙe har gwiwa.

Gwadabe ya ce, “Ta gan ni. Ni na fara ganin ƙofar a buɗe, na bi har cikin ruwa. Ka zo ne ka tambaye ni ko na sace dawaki don a tsige Barde?”

“An ce kun yi sa-in-sa ranar Asabar.”

“Mun yi. Na ce masa ya bi umarni. Ya je wurin jakada sau uku yana roƙo, har ya ce a aika birni a sake bincike, jakada ya ce in bai fita ranar Litinin ba, za a rubuta cewa Garun Bauje ta yi tawaye. Ka san abin da ake yi wa garin da ya yi tawaye? Ina da 'ya'ya shida a garin nan, Labo. Rawani ina so, ban ɓoye ba. Amma dokina na cikin waɗanda aka kwashe, kuma ni ba na iya ja wa garina wuta don rawani.”

Ya miƙo ƙafarsa da kansa ya ce a auna. Labo bai auna ba, don ba shi da sawun da zai gwada da ita.

Daga nan ya wuce gidan ƙanwarsa. Hansai ta dawo ke nan daga kasuwa, dogaran jakada sun kore ta da ƙwaryar kunun da ta kai wa mijinta. Idanunta sun kumbura.

Ta ce, “Yaya, ƙafarsa ta fara ruwa inda ƙarfen ya ci. Ka ce musu ba shi ba ne.”

“Da me zan ce? Shi da kansa ya ce barci ya yi a barga.”

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. “Bai kwana a barga ba. A nan ya kwana.”

“A nan?”

“Bayan isha'i ya shigo, ya kwanta da rigarsa, bai runtsa ba har aka kira salla. Shekara tara da aurenmu, Yaya, ko ranar da na haifi Nana bai bar dawakin nan ba. Na tambaye shi, ya ce in na gaya wa kowa ya sake ni.”

Mudi ba ya barin barga sai an umarce shi, kuma masu iya ba shi wannan umarni a garin ba su da yawa.

*

Ranar Laraba tun da sassafe Labo ya shiga rafin shi kaɗai. Dakaru sun riga sun bincika gangaren ruwa, don can ne hanyar arewa, hanyar Maraɗi. Shi sai ya hau sama, yana duban duwatsun da kofato ya kankare wa gansakuka. Ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya ga inda dawakin suka fito, bayan wani kurmi, inda ba a hango su daga ganuwa.

A nan mutumin ya tsaya ya hau dokin gaba. Laka ce mai taushi, ta riƙe komai. Kofato huɗu sun nuna dokin yana fuskantar gabas. Kusa da su sawun mutum ɗaya tak, ƙafar hagu, ta nutse sosai, kamar yadda ƙafa ke nutsewa in mutum ya dogara a kanta zai hau.

Labo ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Sawun yana gefen daman doki ne.

Kowane mahayi ta hagu yake hawa, ya sa ƙafar hagu a likkafa. Wanda zai tsaya a dama ya sa ƙafar dama sai wanda gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Mutum ɗaya Labo ya sani mai irin wannan gwiwa, kuma shi Labon ne ya zare masa kibiyar da ta sandarar da ita, shekara bakwai da suka wuce, a bakin wata fadama, Barde yana cije da bakin rigarsa.

Ya bi sawun har wani lungu tsakanin manyan duwatsu. Dawakin suna nan, goma sha huɗu cif, an ɗaure su a inuwa, da harawa sabuwa a gabansu da ruwa a kwatarni. Wani da aka bari yana kula da su ya gudu cikin duwatsu da ya ji motsin Labo. Labo bai bi shi ba.

*

Ya samu Barde bayan azahar a kan ganuwa, shi kaɗai, yana kallon kudu.

Labo ya ce, “Ranka ya daɗe, na ga dawaki. Na kuma ga inda aka hau na gaba.”

Barde bai juyo ba. “Na san za ka gani. Ruwan sama na yi ta roƙo ya wanke, bai zo ba.”

“Me ya sa, Barde?”

“Ka tuna shekarar da aka ƙone unguwar yamma? Matanmu da yaranmu a rumbunan Gidan Mati suka ɓuya kwana uku. Ni na dafa ƙirjina na ce wa tsoho Mati, muddin ina raye ba mai taɓa ku. Yanzu an ce ni zan sa musu igiya a wuya. In na ƙi a fili, a ce gari ya yi tawaye, a zo a ci mu. In na bi, da wace fuska zan tsaya gaban Allah? Sai na ce to, a rasa dawakin. Ba doki, ba mai kama mai gudu.”

“Mudi fa? Ɗanjuma fa?”

A nan ya juyo. Idanunsa sun yi ja, ya rame a kwana biyu. “Na ce wa Mudi ya je gida, ban zaci zai ɗauki laifin ba. Ɗanjuma ya kai saƙona ranar Lahadi, na ce kada ya dawo, ya dawo don kada a yi zargin ƙauyensu sun ji. Sau biyu na nufi masaukin jakada in faɗi gaskiya, in na kai ƙofa sai in tuna mutum ɗari biyu ne a can, da tsofaffi da masu jego. Suna yankan gero, suna ɗaukar abin da za su iya. Sai ranar Juma'a da hantsi za su gama haye kogi zuwa ƙasar Zazzau. Kwana biyu nake roƙonka, Labo.”

“Kwana biyu a rana, da ƙarfe a ƙafa. Mijin ƙanwata ne.”

“Na sani. Ba umarni nake ba ka ba, ba ni da wannan bakin yanzu. Ga masaukin jakada can, in ka je ba zan riƙe ka a zuciya ba.”

Labo ya sauka daga ganuwa ya nufi kasuwa. Mudi yana kwance a rigingine, ƙudaje sun rufe idon sawunsa, leɓensa ya tsage. Labo ya durƙusa kamar mai duba marin, ya ce a hankali, “Na san komai. In na yi magana yau, yau za ka kwana a gida.”

Mudi ya buɗe ido da ƙyar, Ɗanjuma ya riga ya raɗa masa labarin mutanensu. “Sun haye?”

“Sai Juma'a.”

“To, je ka ci gaba da neman dawakinka.”

Ranar Alhamis Labo ya ja dakaru goma ya yi ta yawo da su a dajin arewa, yana nuna musu sawun shanun Fulani yana girgiza kai. Da suka dawo da yamma Hansai tana jiransa a ƙofar gari. Ta riƙe rigarsa a gaban mutane tana kuka, tana cewa, “Kai da kake bin sawun kura a kan dutse! Me na yi maka, Yaya?” Bai iya dubanta ba. Ɗanjuma ya suma a ranar, sai da aka yayyafa masa ruwa.

*

Ranar Juma'a kafin salla jakada ya tara mutane a filin kasuwa. Aka shimfiɗa masa buzu. Barde yana damansa, Gwadabe a hagu, dakaru sun yi sahu a baya, ga dogaran jakada shida. Aka jawo Mudi da Ɗanjuma, ba mai iya tsayuwa a cikinsu. Liman ya zo da Alƙur'ani a naɗe cikin fata.

Jakada ya ce, “Dafa, Labo, sannan ka yi magana.”

Labo ya dafa. Ya ɗaga kai ya dubi rana, hantsi ya wuce.

Ya ce, “Dawaki suna cikin duwatsun gabas, lafiyarsu lau, yau za a iya kawo su.” Fili ya ɗauki hayaniya, jakada ya ɗaga hannu. “Ba 'yan Maraɗi ba ne, mahara ba sa kwance dabaibayi su ajiye. Ba Ɗanjuma ba ne, sawunsa na rana ne. Ba Gwadabe ba ne, shi bayan dawaki ya shiga ruwa. Ba Mudi ba ne, ba ya wurin ma.”

“To, wane ne?”

“Mutum ɗaya ne, Malam. Na ga sawunsa.”

“Sunansa nake tambaya.”

“Na dafa a kan ba zan yi ƙarya ba, kuma ban yi ba. Sunan dai ba daga bakina za ka ji shi ba.”

Jakada ya dube shi, ya juya ga dogarai. “Ku kwantar da shi. Ku yi ta dukansa har ya tuna.”

Sun kama hannun Labo ke nan sai Barde ya miƙe.

“Ku sake shi. Ni ne.”

Barde ya ci gaba, muryarsa tana kaiwa har rumfunan mahauta. “Ni na sallami Mudi, ni na ja dawaki, ni na aika wa Gidan Mati. Babu wanda na yi shawara da shi a garin nan, liman shaida ne, ku duka shaida ne. Malam, in ka koma ka ce Maiwada ne ya ƙi, ba Garun Bauje ba.”

Jakada ya tashi. “Ku kama shi!”

Dogarai suka yi taku biyu suka tsaya, don dakaru sun matso, mutum arba'in, wasu sun riga sun dafa takobi. Wani daga baya ya ce, “Wallahi wanda ya taɓa Barde ba zai ga Katsina ba.” Mata suka fara jan yara. Jakada ya ja da baya har ya taka buzunsa.

Barde ya juya ya fuskanci mutanensa. “Manu, sauke hannunka. Ɗanasabe, kai ma. In jinin mutum ɗaya daga cikin baƙin nan ya zuba, kafin kaka ta wuce ba za a bar katanga a tsaye a garin nan ba. Shekara goma sha ɗaya ba ku taɓa saɓa mini ba, kada ku fara yau.” Ya ciro takobinsa da kube ya miƙa wa Gwadabe. “Kai za ka ɗaure ni, don a faɗa a birni cewa dakarun garin ne suka kama ni.”

Gwadabe ya karɓa, ya tsaya riƙe da igiya kamar bai san amfaninta ba. Barde ya haɗa hannuwansa ya miƙa masa. Gwadabe ya ɗaure shi, hawaye na zuba a gemunsa.

Aka kwance Mudi da Ɗanjuma. Mudi ya rayu, amma bai sake taka ƙafar dama daidai ba, Hansai kuwa ta shekara ba ta gaida yayanta ba. Barde Maiwada, washegari jakada ya tafi da shi arewa a kan alfadari, kuma daga ranar ba wanda ya dawo da labarinsa mai tushe.

*

Kafin jakada ya tafi ya naɗa Gwadabe, ya bar masa umarni ɗaya: ya bi Maguzawan duk inda suka shiga, tsofaffi da masu goyo ba su yi nisa ba.

Suka isa Gidan Mati ranar Asabar da azahar, da dawaki goma sha huɗu da mayaƙa talatin masu tafiya a ƙafa. Ƙauyen fayau, rumbuna a buɗe, toka ta yi sanyi a murhu. Daga bakin ƙauyen hanya ta miƙe kudu zuwa mashigin kogi, sawun mutane da jakuna da awaki ya tattake ciyawa faɗin gona guda, ga zangarniyar gero nan da can inda ta zube daga dami. A tsallake ma ana hango hayaƙi siriri, tafiyar da doki zai yi kafin la'asar.

Gwadabe ya ja linzami. “Labo, ina suka bi?”

Labo ya sauka. Ya tsaya a tsakiyar sawun, ya duba gabas, ya duba yamma, ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza. Ya san abin da sabon Barde zai iya sa a yi masa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ban ga sawu ba.”

Gwadabe ya dubi hanyar, ya dubi hayaƙin, ya daɗe. Sannan ya juya ga dakaru. “Akwai wanda ya ga sawu a cikinku?”

Babu wanda ya yi magana. Dokin Manu ya sunkuya yana cin geron da ya zube.

Gwadabe ya ce, “Ni ma ban gani ba. Mu koma gida.”